Yadda Ake Ɗora Murya Kan Murya a Dandali Ba Tare da Kalmomi Sun Nutse Ba

A situdiyo mawaƙi ɗaya zai iya rera baiti sau biyar, mai haɗa sauti ya jera muryoyin ya yi ta gyara har su zauna. A dandali babu wannan dama. Abin da ya fita daga baki ya fita, kuma in muryoyi huɗu suka haɗu babu tsari, wanda ke kujerar baya hayaniya kawai zai ji. Wannan bayani na mawaƙan Bauchi da kewaye ne, masu majalisi, masu biki, sha'irai da 'yan kwaya, waɗanda ke son su wuce amshi na yau da kullum su riƙa saƙa muryoyi da kare-kare masu hawa kan juna a gaban jama'a.

Tushen aikin yana gida. Makaɗan fada masu kotso da taushi na ƙasar Sakkwato da Zamfara sun daɗe suna yinsa: jagora ya ɗauko ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe kafin ya dire, su yi masa ƙari, sannan su koma gindin waƙa. A Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Dass, haka a Billiri da Kaltungo, 'yan kwaya na majami'u sun saba rera waƙar Hausa da muryoyi huɗu. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan dabaru da gangan, a ƙara da na'ura in akwai. Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duk abin da zai biyo baya: a kowane lokaci murya ɗaya ce ke ɗauke da kalmomin da ake so a ji, sauran kuwa ko su bi ta, ko su yi shimfiɗa, wato riƙe dogon sauti a ƙarƙashinta, ko su jira giɓi.

Dalilin wannan ƙa'ida yana cikin harshen kansa. Hausa tana da karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, kuma karin waƙa yakan bi karin magana. "Kuka" na hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, "kuka" ta miya kuwa gaɓar ƙarshe sauka take yi. Littattafan kiɗan Turawa suna koyar da cewa in murya ɗaya ta hau, ɗayar ta sauka. A waƙar Hausa, in aka yi haka a kan kalma ɗaya, mai sauraro zai ji kalma biyu a lokaci guda, ya kasa kama ko ɗaya. Saboda haka murya ta biyu mai furta kalmomi iri ɗaya da na jagora dole ta hau inda ya hau, ta sauka inda ya sauka. Wadda ake so ta yi tafiyarta daban, a cire mata kalmomi a bar ta da wasali.

Rabon mutane

Mutum shida sun isa: jagora ɗaya, masu shimfiɗa biyu, 'yan amshi uku. Ƙasa da biyar, numfashi zai riƙa yanke aikin. Sama da takwas, matsalar makirfo za ta fi amfanin ƙarin muryar yawa. In akwai maza da mata a haɗe an samu sauƙi, domin muryar mace ta kan zauna kusan ninki ɗaya sama da ta namiji, wato tazarar da ke tsakanin "do" da "do" na sama, kowa na da filinsa. In duk maza ne, a zaɓi masu kaurin murya biyu su riƙe ƙasa, kuma kada a bar jagora ya rera a daidai inda 'yan amshi suke. A ɗaga shi sama da su ko da da sauti biyu ne.

Shimfiɗa ita ce ta farko da za a koya, kuma ita aka fi rainawa. Mutum biyu su riƙe sautin da waƙar ke komawa ta huta a kansa, wato "do" ɗinta, da wasalin "oo" ko da baki a rufe. Mutum yakan riƙe sauti cikin natsuwa daƙiƙa 10 zuwa 15 kafin murya ta fara rawa. Don haka a raba musu wurin numfashi: na farko ya sha iska a bugu na 4, na biyu a bugu na 12, a zagaye mai bugu 16, wato jerin bugun kiɗa 16 da ake ta maimaitawa. Wanda zai dawo ya shigo a hankali, kada ya faɗo da ƙarfi, in ba haka ba za a riƙa jin wani ɗan tsalle duk zagaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne masu shimfiɗa su gaji da sauti ɗaya su fara bin jagora ba su sani ba. Maganinsa a ba su motsi ɗan kaɗan: bugu 12 a kan "do", bugu 4 a kan "so" na ƙasa, su dawo.

Daga nan sai rakiya da murya ta biyu. Yawancin kare-karen waƙoƙinmu suna yawo ne a kan sautuka biyar: do, re, mi, so, la. Hanya mafi aminci ita ce a tsallake sauti ɗaya a cikin biyar ɗin nan. In jagora yana "mi", mai rakiya yana "do". In yana "so", shi yana "re". "La" ta tafi da "mi", "do" na sama ya tafi da "so", "re" na sama ya tafi da "la". Da wannan tsari murya ta biyu tana hawa da sauka tare da ta farko, karin kalma bai lalace ba, kuma ba a shigo da wani baƙon sauti ba. A sa mai rakiya a ƙasan jagora, domin kunne yakan ɗauki murya mafi tsayi a matsayin ita ce waƙar. Kada kuma a yi rakiya daga farkon baiti har ƙarshe. A bar ta ga kalmomi uku ko huɗu na ƙarshen layi, nan ne take da armashi.

Hawa kan juna

A nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne ya kamata a ɓata lokaci a wajen gwaji. A amshi na al'ada, jagora ya gama, 'yan amshi su ɗauka. Abin da ake nema yanzu shi ne su shigo tun bai gama ba, shi ma ya sake shigowa tun ba su dire ba, ya zama babu inda waƙar ta yi shiru.

A fara da bugu ɗaya kacal. A ɗauki layi gajere, misali "Damina ta sauka, a fito gona." Jagora ya ja wasalin ƙarshe na "gona" tsawon bugu biyu, 'yan amshi su shigo a kan bugun farko na wannan jan. Sharaɗin shi ne inda suka haɗu, ɗaya yana kan wasali, ɗayan ne ke furta baƙaƙe. In duka biyun suna furta baƙaƙe a tare, musamman irin su s, sh, ts da k, sai su tauna juna. Shi ya sa tun wajen rubuta waƙar ake duba ƙarshen kowane layi: ya ƙare da wasalin da za a iya ja. Layin da ya ƙare da baƙi, a bar shi ya dire kafin a shigo.

In bugu ɗaya ya zauna, a ƙara zuwa biyu, sannan huɗu. Daga bugu huɗu zuwa sama 'yan amshi ba za su iya shigowa da cikakken ƙarfi ba. Su fara da rabin murya, su cika ta daidai lokacin da jagora ya saki. Abin da ke ɓata wannan a dandali shi ne jagora ya ji an hau shi, sai ya ƙara ƙarfi, su ma su ƙara, kafin minti biyu kowa na ihu. A yi yarjejeniya tun a gida cewa mai shigowa shi ke rage murya, mai fita ba ya ƙarawa.

Bi-baya ya fi wannan wuya. Rukuni biyu suna rera layi ɗaya, amma na biyu ya fara bayan bugu huɗu. Kafin a wahalar da kowa, a gwada a takarda: a zana gidaje 16 a jere, a rubuta sautin kowane bugu, sannan a sake rubuta layin a ƙasa an matsar da shi gida huɗu. A duba gida na 1, 5, 9 da 13, inda bugu ke da nauyi. In aka ga maƙwabta sun haɗu a nan, kamar do da re ko so da la, kuma an daɗe a kansu, za a ji tsami. A canza sauti ɗaya ko a matsar da shigowar zuwa bugu biyu ko takwas. In a wucewa suka haɗu, babu laifi, har daɗi yake ƙarawa. Bi-baya yana karya ƙa'idar murya ɗaya, saboda haka gindin waƙa kaɗai ake yi wa shi, kuma sai bayan jama'a sun ji shi da murya ɗaya sau biyu ko uku sun haddace. Yi wa sabon baiti bi-baya asarar baitin ne.

Akwai kuma ba-ni-in-ba-ka, inda ake yanka layi ɗaya a raba wa mutum biyu ko uku, kamar yadda mata ke lugude a turmi ɗaya, taɓarya na tashi wata na sauka. Na farko ya ce "Damina", na biyu "ta sauka", na farko "a fito", na biyu "gona". A yanka a kan iyakar kalma. Yanka kalma a tsakiya sai ƙwararru, kuma ya fi kyau da gaɓoɓi marasa ma'ana. Sirrinsa shi ne kowa ya rera dukan layin a zuci, ya buɗe murya a rabonsa kawai. Wanda ya tsaya jiran ya ji abokinsa ya gama kullum zai makara. Mutanen Aka na Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya sun shahara da saƙa muryoyi masu yawa irin haka, har UNESCO ta ayyana waƙarsu cikin fitattun kayan gadon ɗan Adam a 2003. Ya kamata ƙungiya ta zauna ta saurari irin waƙoƙinsu don buɗe kunne.

Na'urar maimai

Lufa na'ura ce da ke naɗar abin da ka rera nan take ta yi ta maimaita shi, kai kuma ka ɗora wani a kai. Lufa samfurin Boss RC-1 layin naɗi ɗaya gare ta kuma ba ta da ramin makirfo, sai an turo mata murya daga miksa, wato na'urar haɗa sauti. RC-30 tana da layi biyu da ramin makirfo, tana kuma aiki da batir shida. RC-505 tana da layi biyar, a tebur ake ajiye ta a sarrafa da hannu, kuma ita ta fi dacewa da mawaƙi, domin za ka iya kashe layi ɗaya ka bar sauran.

Lissafin tsawon zagaye ba shi da wuya. A raba 60,000 da yawan bugu a minti, a samu tsawon bugu ɗaya a milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Waƙa mai bugu 100 a minti, kowane bugu milisakan 600 ne. Zagaye mai bugu 16 zai ci daƙiƙa 9.6, ɗora layi huɗu ya kai kusan daƙiƙa 40 kafin waƙa ta fara. A ɗakin taro na jami'a za a jure wannan, a wajen biki ba za a jure ba. A yi zagaye mai bugu 8, daƙiƙa 4.8, a gama gini cikin daƙiƙa 20.

Wurin danna maɓalli shi ne inda sababbi ke faɗuwa. Ana buɗe naɗi a kan "ɗaya", a rufe a kan "ɗaya" na gaba. Wanda ya rufe a kan "takwas" ya yi zagaye mai bugu bakwai. Ko makara ta milisakan 50 aka yi, in mai kalangu ya riƙe saurinsa bai bi na'ura ba, bayan zagaye goma an samu tazarar rabin daƙiƙa, kusan bugu guda. Na'ura ba ta bin kowa, kuma makaɗi da ya saba ƙara wuta in fili ya ɗauki zafi dole ya haƙura. A ba shi monita tasa, wato lasifikar da ke fuskantar masu wasa, ko iyafis mai waya, a sa masa layin farko da ƙarfi. Iyafis na Bluetooth ba ya wannan aiki, jinkirinsa yakan wuce milisakan 100.

Tsarin ɗorawa: layin farko ya zama mai nuna bugu, kamar tafi ko gajerun gaɓoɓi. Na biyu shimfiɗa. Na uku ɗan kari mai sauti uku ko huɗu da wasali. A tsaya nan. Layi na huɗu sai in akwai dalili, kuma kalmomi a bar wa murya mai rai. Duk abin da makirfo ya ji yayin naɗi ya shiga ke nan: ƙarar janareta, fanka, kalangu, da muryar lasifika kanta. In aka naɗi gurnanin janareta sau huɗu, zai ƙaru da dB 6 ko fiye (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Don haka makaɗa su yi shiru ko su sassauta lokacin naɗi, mawaƙi ya matso da baki dab da makirfo, janareta kuma a kai shi nesa bayan katanga. A wajen miksa a tabbatar abin da ke fitowa daga lufa ba ya komawa cikinta ta layin da ke ciyar da ita, in ba haka ba ƙara za ta yi ta ninkuwa har ta zama kuka.

Zagayen da ba a adana ba yana tafiya da ɗaukewar wuta. A sa lufa da miksa a kan inbata ko UPS, kuma 'yan amshi su haddace kowane layi na na'urar, ta yadda in ta mutu za su ɗauka da baki kafin jama'a su farga.

Wajen mai sauti

Kowane mawaƙi da makirfonsa, irin su Shure SM58 ko makamancinsa, mai ɗaukar sauti ta gaba ya ƙi na baya. Jagora ya riƙe shi tazarar yatsa biyu daga baki, 'yan amshi tazarar tafin hannu. Kada kowa ya dunƙule kan makirfo da hannu: rufe ramukan bayansa yana sa ya ɗauki sauti ta ko'ina, nan da nan lasifika ta yi kuka. Monita ta zauna daidai bayan makirfo. A tuna cewa duk lokacin da aka ninka yawan makirfo da ke buɗe, ana rasa kimanin dB 3 na ƙarfin da za a iya ɗagawa kafin kuka, don haka wanda ba a amfani da shi a rufe.

A kowane layin murya na miksa a yanke abin da ke ƙasa da Hz 100 ga maza, Hz 150 ga mata (Hz ma'aunin kauri da siririn sauti ne, ƙaramar lamba ita ce kauri). Muryoyi da yawa suna taruwa su yi dagwalo tsakanin Hz 200 da 400, a rage dB 3 a nan ga masu shimfiɗa da 'yan amshi. Fitar kalma tana tsakanin Hz 2,000 da 4,000, wannan filin jagora ne, a rage wa sauran dB 2 zuwa 3 a wurin. A ƙarfi kuma, 'yan amshi gaba ɗayansu su zauna kimanin dB 6 ƙasa da jagora, shimfiɗa ta fi haka ƙasa.

Eko shi ne babban abokin gabar wannan salo, kuma masu sautinmu suna son sa ƙwarai. Murya ɗaya tana ɗaukar eko mai yawa, muryoyi masu hawa kan juna ba sa ɗauka, domin kowane eko wata murya ce da ba a gayyata ba. Yawancin ɗakunan taro na cikin garin Bauchi tayil ne a ƙasa da bango mai santsi, ɗakin kansa yana amsa kuwwa, a nan a kashe eko baki ɗaya. A fili ƙarƙashin rumfa a sa kaɗan, wanda bai wuce daƙiƙa ɗaya da rabi ba. In ana son maimaici ga jagora, wato maimaita muryarsa bayan ɗan jinkiri, a daidaita shi da bugu: milisakan 600 ko 300 ga waƙa mai bugu 100, maimai ɗaya ko biyu. Na'urar gyara murya ta otocun kuwa sauti ɗaya take iya bi, in aka tura mata muryoyi biyu ta layi ɗaya sai ta rikice ta riƙa tsalle.

Wasu na son raba rukuni biyu, ɗaya a dandali ɗaya a bayan jama'a. Yana da kyau ƙwarai, amma sauti na tafiyar kimanin mita 350 ne a daƙiƙa a zafin Bauchi, wato tazarar mita 30 tana jawo jinkirin kusan milisakan 85. In kowane rukuni na jiran abin da kunnensa ya ji, waƙar za ta yi ta ja baya. Na nesa su bi hannun jagora da ido.

Gwaji da ranar wasa

A fara gwaji a bugu 70 a minti da mitironom na waya, wato manhajar da ke ƙirga bugu, a riƙa ƙara biyar-biyar. A koyi layi bibbiyu kafin a haɗa duka: shimfiɗa da jagora, jagora da amshi, amshi da rakiya. Muryoyi marasa kayan kiɗa sukan zame ƙasa a hankali, musamman in an gaji. A ɗauki sautin farawa daga fiyano ko gurmi, a sake dubawa a ƙarshen waƙa. In an zame, yawanci masu shimfiɗa ne suka ja kowa, a duba numfashinsu. Kalangu ba ya zama ma'auni, tunda sautinsa hawa da sauka yake da matsar tsarkiya. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, maƙogwaro na bushewa, masu riƙe dogon sauti su ne suka fi jin jiki. Su fara shan ruwa awanni kafin wasa, su ɗumama murya minti 10 da baki a rufe.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ajiye waya a kujerar ƙarshe a naɗi waƙar, a ba wanda bai taɓa jin ta ba, a ce ya maimaita baitin. Duk inda ya kasa, a cire layi ɗaya a wurin a sake naɗa.

A wajen biki ko majalisi tsari ba ya tafiya yadda aka shirya. Da an fara liƙi, jagora zai bar baiti ya shiga ambaton sunaye da kirari, kuma wanda aka ambata yana son ya ji sunansa sarai. Saboda haka a tanadi alamun hannu guda uku da kowa ya sani: tafin hannu a kife, kowa ya koma shimfiɗa, yatsa biyu sama, a shiga bi-baya a zagaye na gaba, dunƙulen hannu, a haɗu a gindin waƙa da murya ɗaya. Jagora ya ba da alama bugu huɗu kafin wurin, kuma mai sauti ya zauna inda zai ga hannun.

Rufe waƙar ma a shirya shi. Ko dai a riƙa zare layi ɗaya-ɗaya duk zagaye, a fara da na sama har shimfiɗa ta rage ita kaɗai, ko kuma kowa ya tsaya cak a kan "ɗaya". In na biyun aka zaɓa kuma akwai lufa, mutum guda ne zai danna maɓallin tsayar da duka layukan, a san shi tun a gwaji, kuma mai sauti ya sauke eko bugu biyu kafin wurin don kada wutsiyarsa ta ci gaba bayan kowa ya yi shiru.